Linux Mint a Kan Tsohuwar Laftaf Ɗina, da Mutanen da ke Amsa Tambaya Idan Abu Ya Cije

Duk wanda yake da kwamfuta mai lafiya wadda Windows 11 ta ƙi hawa kanta, kuma aikinsa bai wuce rubutu da lissafi da shiga intanet da kallon bidiyo ba, shawarata ita ce ya gwada Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ke iya maye gurbin Windows, kafin ya jingine ta a lungu. Na daɗe ina yin aikina na yau da kullum a kanta, kuma na gamsu. Sai dai wanda zai yi wa Mint adalci dole ya auna abu biyu tare: manhajar kanta, da kuma mutanen da ke amsa tambaya idan aka sami matsala, domin a nan babu ofishin da za ka buga wa waya ka ce a zo a gyara maka.

Aikina fassara ne da gyaran rubutu, saboda haka bukatuna a kwamfuta ba su da yawa: wurin rubutu, burauza, imel, abin buɗe PDF, sai firinta jefi-jefi. Laftaf ɗina tana da furosesar Intel 'yar zubi na bakwai da ram gigabait 8, kuma babu abin da ya same ta. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesa daga cikin jerin da kamfanin ya amince da su, wanda a ɓangaren Intel galibi ya fara ne daga zubi na takwas. Tawa ta rasa da taki ɗaya. Ban ga dalilin da zai sa in watsar da na'urar da ke tashi garau, allonta bai tsage ba, madannanta duk suna aiki.

Abin da ake kira Linux a asali zuciyar tsarin ce kawai, wato kanel, ɓangaren da ke magana da furosesa da ram da faifan ajiya da sauran kayan cikin na'ura. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Tun kafin nan, a 1983, Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU domin samar da tsarin da kowa ke da 'yancin ya yi amfani da shi, ya karanta yadda aka rubuta shi, ya gyara, ya raba wa wasu. Da aka haɗa kanel ɗin Torvalds da kayan aikin GNU sai aka sami cikakken tsari, kuma lasisin GPL ya wajabta wa duk wanda ya gyara ya rarraba ya bar gyaransa a buɗe kamar yadda ya tarar. Shi ya sa nau'o'in Linux suke da yawa haka. Ian Murdock ya kafa Debian a 1993. A 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar da Ubuntu a kan harsashin Debian. A 2006 Clément Lefèbvre, Bafaranshe, ya gina Mint a kan Ubuntu. Sanin wannan salsala yana da amfani a aikace, domin amsar da aka bai wa mai Ubuntu sau da yawa tana yi wa mai Mint aiki, matuƙar zubinsu ya dace. Mint 22, wadda ta fito a Yulin 2024, tana zaune ne a kan Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da ba ta sabuntawar tsaro har 2029.

Na zaɓi Mint ne saboda hannun da ya saba da Windows ba ya ɓata a cikinta. Maɓallin jerin manhajoji yana ƙasa ta hagu, agogo da batir da alamar intanet suna ƙasa ta dama, foldoji suna buɗewa yadda aka saba. Wannan fuskar sunanta Cinnamon, kuma masu Mint ne suka ƙirƙire ta da kansu. Akwai wasu biyu, MATE da Xfce, waɗanda suka fi sauƙin nauyi ga na'urar da ta tsufa sosai. Abin da masu Mint suka ce tana bukata shi ne ram gigabait 2, ko da yake 4 suka ba da shawara, da fili gigabait 20 a faifai. Ni dai a ganina mai gigabait 2 zai sha wahala da zarar ya buɗe shafuka da yawa a burauza, don burauzar zamani tana da ci a kowane tsari. Tun daga Mint 20 a 2020 kuma sai na'ura mai tsarin bit 64.

Ana sauke ta ne a matsayin fayil guda mai girman kusan gigabait 3, a rubuta shi a kan filashi da manhaja irin su balenaEtcher ko Rufus ko Ventoy. Kwafa fayil ɗin cikin filashi kai tsaye ba ya aiki, sai dai a Ventoy wadda aka ƙera don haka. Akwai matakin da mutane da yawa ke tsallakewa, wato tantance fayil ɗin da lambar SHA256 da aka wallafa tare da shi. Ina roƙon sabon shiga kada ya tsallake. A Fabrairun 2016 wasu 'yan kutse sun karkatar da hanyar saukewa zuwa gurɓataccen kwafi na Mint 17.3, masu Mint suka sanar a fili cikin gaggawa, kuma tun daga nan suka ƙara tsananta batun tantancewa. Ko babu ɗan kutse, fayil yana iya lalacewa a hanya idan intanet ta yanke, kuma lalataccen fayil yana haifar da matsalolin da babu wanda zai iya gane asalinsu daga baya.

Abin da ya fi burge ni tun farko shi ne ana iya tayar da kwamfuta daga filashin, a yi amfani da Mint gaba ɗayanta ba tare da an taɓa komai a faifan ciki ba. Gani ya kori ji. Za ta ɗan yi nauyi saboda daga filashi take gudu, kuma duk abin da aka ajiye zai ɓace idan aka kashe, amma a nan ne mutum zai san gaskiyar na'urarsa: waifai yana kamawa? Sauti yana fita? Kyamara, bulutut, hasken allo, madannan ƙara murya? Wanda ya zauna ya gwada waɗannan ɗaya bayan ɗaya kafin ya girka ya rage wa kansa rabin wahala.

Girkawar kanta tambayoyi ne kaɗan: harshe, tsarin madannai, yankin agogo, suna da kalmar sirri, da kuma ko za a shafe faifan gaba ɗaya ko a bar Windows a gefe. Ni na bar ta a gefe. Ga wanda zai yi haka, abubuwa uku ne suka fi kawo cikas. Idan faifan yana kulle da BitLocker, wato tsarin kulle faifai na Windows, sai an nemo mabuɗin ceto an adana kafin a taɓa komai. Akwai kuma tsarin tashi da sauri na Windows wanda ba ya kashe na'ura gaba ɗaya, yana barin faifan a riƙe, don haka ana kashe shi. Wasu laftaf ɗin kuma an saita faifansu a yanayin RST na Intel, inda mai girkawa ba zai ma ga faifan ba sai an mayar da shi AHCI, kuma wannan sauyi yana da matakan da ake bi a cikin Windows tukuna. Kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri kafin a fara ba abin muhawara ba ne.

Bayan an gama, kayan aiki suna nan a shirye: Firefox, Thunderbird don imel, LibreOffice don rubutu da lissafi da gabatarwa, abin kallon hoto da bidiyo da PDF. Sauran manhajoji ana ɗauko su ne daga ma'ajiya guda da ke cikin tsarin, ba sai an bi shafukan intanet ana farautar fayil ba. Sabuntawa ma ta ƙofa ɗaya take shigowa: wata 'yar garkuwa a kusa da agogo tana nuna akwai sabo, ka duba jerin, ka danna lokacin da ka ga dama. Ba ta taɓa kashe mini na'ura ina tsakiyar aiki ba. Ga mai fassarar da ake jiran aikinsa, wannan kaɗai babban abu ne.

Timeshift ce manhajar da nake so kowa ya kunna a ranar farko. Tana ɗaukar hoton yadda tsarin yake, ta adana, idan sabuntawa ko wani gyara ya rikita abu sai a mayar da shi yadda yake jiya ko makon jiya. A lura, fayilolin tsarin take karewa. Takardunka da hotunanka ba sa cikin lissafinta sai ka saita, kuma ba a so a dogara da ita a kansu, su nasu kwafin daban ake yi.

Yanzu ga inda abu ya cije mini, kuma a nan ne na ga ainihin abin da ake nufi da taimakon jama'a.

Tun a gwajin filashi waifai bai fito ba. Na duba manhajar da ke kula da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa tsarin da kowane ɓangare na na'ura, na ga ta gane katin waifai ɗina har ta ba da direban da ya dace. Sai na ci gaba da girkawa. Bayan an gama na jona wayata da kebul na aro intanet ɗinta, na sauke direban, aka rubuta mini cewa an girka, na sake tayar da na'ura. Babu ko layin waifai guda. Abin da ke faruwa a irin wannan hali shi ne yawancin direbobi suna cikin kanel ɗin Linux tun asali, shi ya sa mafi yawan kaya ke aiki da zarar an jona. Amma akwai masu ƙera kaya da ba su buɗe direbansu ba, kuma katin da ke cikin laftaf ɗina na irin waɗannan ne, dole a ɗauko nasu rufaffe a haɗa shi a kan na'urar.

Na rubuta tambayata a zauren taimako na masu amfani da Mint. Na faɗi irin na'urar, zubin Mint, abin da na yi, da abin da na gani. Wanda ya fara amsa mini bai yi hasashe ba, bai ce in sake girkawa ba. Ya ce in buɗe taminal, wato baƙar tagar da ake rubuta umarni, in rubuta `inxi -Fxxxrz` in kwafo masa abin da ya fito. Ya kuma yi mini bayanin cewa harafin z ɗin da ke ƙarshe yana ɓoye lambobin sirri na na'ura da na intanet, don kada in baza su a bainar jama'a. Wannan ɗan bayanin ya sa na amince da shi. Sakamakon ya nuna katin yana nan, amma a gurbin direba babu komai. Sai ya nemi uku: `rfkill list` don a ga ko an toshe waifai ɗin da maɓalli ko da saiti, `dkms status` don a ga ko an haɗa direban da gaske, da `mokutil --sb-state` don a ga matsayin Secure Boot. Na farko ya ce babu toshewa. Na biyu ya ce an haɗa. Na uku ya ce Secure Boot a kunne yake.

Daga nan ya warware mini zancen cikin jimloli kaɗan. Secure Boot tsari ne a cikin na'ura da ke hana loda duk abin da ba shi da sa hannun da aka amince da shi. Direban da aka haɗa a kan kwamfutata yana ɗauke da sa hannun mabuɗin da ita kwamfutar ta ƙirƙira wa kanta, kuma sai an yi wa mabuɗin rajista kafin kanel ta yarda ta loda shi. Rajistar ana yin ta ne a wani shuɗin allo da ke fitowa yayin tashi, ya jira daƙiƙu kaɗan, idan ba a taɓa komai ba ya wuce. Ya ba ni zaɓi biyu, ko in kashe Secure Boot gaba ɗaya, ko in sake kiran allon in yi rajistar, ya kuma faɗa mini abin da kowanne zai jawo, musamman tunda ina da Windows a gefe. Na zaɓi rajista. Na shigar da mabuɗin da `mokutil`, na sa kalmar sirri ta wucin gadi, na sake tayarwa, allon ya fito, na amince. Waifai ya kama, kuma bai sake yankewa ba.

Ba gyaran ne kawai ya tsaya mini a rai ba. Yadda aka bi aka gano shi ne. Mutumin ya yi kamar likitan kirki, wanda ba ya rubuta magani sai ya ga sakamakon gwaji. Kowane umarni da ya ba ni tambaya ce ga na'urar, kuma kowace amsa tana rufe wata ƙofa har aka rage guda. Na fita daga wannan tattaunawa na san abin da Secure Boot yake, na san inda ake duba direba, abin da shekarun da na yi ina amfani da kwamfuta ba su koya mini ba. Kuma wanda ya yi wannan ɗan sa-kai ne, ba a biyansa, ban san fuskarsa ba, wataƙila a wata nahiya yake. Ina ganin girman wannan abu, kuma ba na so a ɗauke shi da wasa.

Daga baya na zauna ina karanta tambayoyin wasu, na lura da abin da ke raba wanda ake amsa wa nan take da wanda tambayarsa ke kwana babu mai taɓawa. Wanda ya rubuta cewa kwamfutarsa ba ta aiki a taimaka masa, bai ba kowa abin kamawa ba. Wanda ya sa taken da ke faɗin matsalar, ya kawo sakamakon `inxi`, ya kwafo saƙon kuskuren harafi da harafi maimakon ya ba da labarinsa, ya faɗi abin da ya canza kafin matsalar ta fara, ya jera abin da ya riga ya gwada, shi ne ake rububin amsa wa. Matsala ɗaya a tambaya ɗaya. Rubutu da aka kwafo ya fi hoton allo da aka ɗauka da waya, domin mai taimako yana iya bincika shi. Idan kuma an warware, al'adar wurin ita ce mutum ya dawo ya sa alamar an warware, ya faɗi abin da ya yi aiki. Na sha cin moriyar wannan al'ada: matsalolina da dama ban ma yi tambaya a kansu ba, na tarar wani ya riga ya yi, an amsa masa, ya dawo ya tabbatar.

Kowane allazi da nasa amanu. Taimakon nan babu wa'adi a cikinsa. Wata tambayar a amsa cikin awa guda, wata ta yi kwanaki, wata ma ba za a taɓa amsawa ba saboda babu wanda yake da irin na'urarka. Mafi yawansa kuma da Turanci ake yi, kuma Turancin masu fasaha, wanda yake babban shinge ne ga mutane da yawa da suka fi kowa bukatar tsarin da ba ya neman sabuwar kwamfuta. Akwai masu kaifin harshe. Na taɓa yin tambaya kan batir wani ya amsa mini da gajeren umarni cewa in je in yi bincike, ba tare da ya nuna mini inda zan dosa ba. Wani ya zo bayansa ya amsa da mutunci, amma na san sabon shiga mai raunin zuciya zai iya tattara kayansa tun a amsar farko. Masu irin wannan hali suna yi wa abin da suke ƙauna ɓarna.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne tsohuwar amsa. Linux tana canzawa, amma amsoshin shekara goma baya suna nan a intanet kamar yau aka rubuta su. Misali, tsarin sauti da Mint 22 ke amfani da shi, PipeWire, ba shi ne na zubin baya ba, don haka gyaran sauti na da yana iya ƙara dagula na yanzu. A duba kwanan watan amsa, a duba wane zubi ake magana a kai. Duk umarnin da ya fara da `sudo` kuwa yana gudu ne da cikakken iko a kan na'ura, yana iya gyarawa yana iya shafewa. Ƙa'idata ita ce ba na liƙa umarnin da ban gane ba. Ina tambayar me yake yi, kuma mai taimako na gari ba ya jin haushin wannan tambaya. Haka nan ina guje wa ƙara ma'ajiyoyin manhaja na waje barkatai, domin kowace ɗaya amana ce kake bai wa wanda ba ka sani ba.

Game da taminal, tsoron da ake yi mata ya fi ƙarfinta. A amfanin yau da kullum ina iya yin makonni ban buɗe ta ba. Masu taimako suna son ta ne saboda layi ɗaya na umarni ya fi sauƙin bayani a kan a ce danna nan, shiga can, nemi kaza, kuma sakamakonsa iri ɗaya ne a kowace fuska. Abu ɗaya da ke ruɗa kowa a karon farko: a wasu tsare-tsaren Linux, idan ta nemi kalmar sirri, ba ta nuna komai yayin da kake bugawa, ko taurari babu. Tana karɓa, ka buga ka danna shiga.

A ɓangaren aikina, LibreOffice tana buɗe fayilolin Word da Excel kuma tana ajiyewa a tsarinsu. Rubutu na yau da kullum, bin sawun gyara, da sharhin gefe duk suna tafiya lafiya tsakanina da masu ba ni aiki. Inda ake samun tangarɗa shi ne shafi ya zame, layi ya tsallaka, kuma sau da yawa dalilin salon haruffa ne da babu shi a na'urar. A zauren ne aka nuna mini Carlito da Caladea, waɗanda aka ƙera su da faɗi daidai da Calibri da Cambria, kamar yadda Liberation Serif take daidai da Times New Roman. Da na girka su, zamewar ta ragu ƙwarai. Amma takarda mai sarƙaƙƙen tsari, ko jadawalin Excel mai cike da makro, wato ƙananan umarnin da ke gudana da kansu a cikinsa, ba zan yi wa kowa alkawari a kansu ba. Abin da zai je hannun wani a matsayin kammalalle, PDF nake mayar da shi.

Akwai manhajojin da babu su a Linux kwata-kwata. Microsoft Office ta girkawa babu, sai ta burauza. Photoshop da mafi yawan kayan Adobe babu. AutoCAD babu. Ana da madadi irin su GIMP da Krita da Inkscape da Kdenlive, kuma suna da ƙarfi, amma wanda abincinsa ya rataya a kan wata takamaimiyar manhaja, kuma abokan aikinsa fayilolinta suke turo masa, kada wani ya ruɗe shi da cewa duk ɗaya ne. Wine tana tafiyar da wasu manhajojin Windows, wasu kuma sun fi ƙarfinta. Masu wasannin kwamfuta sun sami sauƙi tun da kamfanin Valve ya fito da Proton, mai tafiyar da wasannin Windows a Linux, a 2018, sai dai wasu wasannin intanet masu tsarin hana maguɗi har yanzu ba sa yarda.

Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ban sha wahalarsu ba, domin akwai tsarin madannai na Hausa a cikin saiti, ana ƙara shi a riƙa sauyawa da maɓalli. Firintata kuwa na jona ta da waifai, kafin in nemi direba ta riga ta bayyana da kanta. Tsofaffin firinta da sikana ne ke bukatar a bincika sunansu tukuna. Sai agogo: wanda ya bar Windows a gefe yana iya ganin lokaci ya kauce duk sanda ya sauya tsari, saboda Linux tana ajiye agogon na'ura a lokacin duniya na UTC, Windows kuma a lokacin gida. Saiti ɗaya ke daidaita su, kuma tambaya ce da aka amsa sau da yawa.

Wa ya kamata ya ɗauka? Ɗalibi, malami, marubuci, mai ƙaramin ofis, mai koyon rubuta manhaja, da dattijon da imel da kiran bidiyo kawai yake yi, muddin akwai wanda zai girka masa ya kunna Timeshift. Wanda ba shi da haƙurin karanta saƙon kuskure, ko wanda awa ɗaya ta tsaiko za ta jawo masa asara kuma yana bukatar wanda zai kama da alhaki, ya fi masa ya nemi tsari mai yarjejeniyar tallafi. Ita Mint da gudummawar masu amfani da ita da masu ɗaukar nauyi take rayuwa, kuma duk wata suna bayyana abin da ya shigo. Wanda ba shi da abin bayarwa yana da wata hanyar: ni yanzu idan na ga tambayar waifai mai kama da tawa, nakan nemi sakamakon umarnin nan guda uku, in yi bayanin shuɗin allon.

Filashin da aka girka da shi kuma kada a goge shi. Idan wata rana na'ura ta ƙi tashi, da shi za a tayar da ita a kwafe fayiloli, a mayar da hoton Timeshift na baya, ko a gyara ɓangaren da ke tayar da tsarin da manhajar Boot Repair da ke cikinsa, kuma da shi za a shiga intanet a rubuta tambaya.